Baba ya ƙi allurar korona, Yaya ya ce a sayo masa kati

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina cikin damuwa a kan mahaifinmu. Shekarunsa 62, yadi yake sayarwa a kasuwa, yana da ciwon suga da hawan jini. Tun ƙarshen 2019 ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin kujerar Makka, sai korona ta zo, aka yi 2020 da 2021 ba a je ba. Bana, 2022, da Saudiyya ta buɗe ƙofa sunansa yana cikin na farko, amma an ce sai da shaidar allurar korona. Baba ya ce shi kam ba za a tsira masa ita ba. Ya ce ƙasar da ba ta taɓa ba shi ko farasitamol kyauta ba, yau ita ce ke bin sa da allura kyauta? Ya ce bai manta abin da aka yi wa yara a Asibitin Zana a 1996 ba, kuma allurar da aka haɗa cikin 'yan watanni ba a jikinsa za a gwada ta ba. Wani a majalisarsu ya ce masa duk wanda ya yi ba zai wuce shekara biyu ba. Ni na yi tawa tun bara, lafiyata ƙalau. Na yi ta tura masa bidiyon likitoci ta WhatsApp, ran nan raina ya ɓaci na ce masa, "Baba, wannan ai jahilci ne." Yau kwana huɗu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Shi kuma babban yayanmu ya ce a daina ja da Baba, ya san wanda zai yi masa kati har a shigar da sunansa a kwamfuta ba tare da allura ba, sai a ce wa Baba an daidaita da hukuma. Ya ce in kawo nawa kason kuɗin. Gwaggo, in bayar? Ina tsoron kujerar nan ta wuce shi, ga shi an ce a Hajjin 2022 ba a karɓar wanda ya kai 65.

Taki, wata 'yarki daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata, barkanmu da shan ruwa.

Kada ki bayar da ko kwabo. Zan dawo kan dalili, amma akwai bashin da ke kanki wanda ya riga maganar kati.

Gobe ki je gida ki sha ruwa tare da su. Ki dama masa kunun da yake so, ba sukari tunda kin san lalurarsa, in ya dawo daga asham ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Kada ki liƙa wa ban haƙurin nan "amma". Ki ce kin yi kuskure, ki yi shiru, ki tashi. A daren kada kalmar allura ta fito daga bakinki. Ba don ladabi kaɗai na ce ki yi haka ba. Kalmar da kika jefe shi da ita ba daidai ba ce ko a mizanin gaskiya. Jahili shi ne wanda bai sani ba, shi kuwa Babanki abin da ya sani ne ya hana shi.

Ke ƙila ba a haife ki ba a 1996, ko kina goye. Ni ina Kano. Shekarar sanƙarau ya shigo Arewa da ƙarfin da ba a saba gani ba, ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, ga ƙyanda da kwalara a lokaci guda. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a kan yara. Yara kimanin 200 aka shigar, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a cikin waɗanda suka sha Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma ya nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma sai 2011 iyalai na farko suka ga diyya. Shekara goma sha biyar ke nan. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, sannan ya ji sunan kamfanin nan a cikin masu allurar korona, in ya ja da baya ai bai yi abin mamaki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

To amma aikin mai hankali bayan gudun shi ne ya juyo ya duba, tsumma ne ko maciji. A nan ne nake ganin Baba ya tsaya a rabin hanya.

Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma ba wannan ne babban bambancin ba. Abin da ya sa na 1996 ya zama abin kunya shi ne an zaɓi 'ya'yan talakawa a ƙasa mai nisa, aka gwada musu abin da masu shi ba su fara ba nasu 'ya'yan ba. Allurar korona akasin haka aka yi. A Ingila aka fara yi wa jama'a ta Pfizer ranar 8 ga Disamba 2020, da wata tsohuwarsu mai shekara 90 aka buɗe. Ƙasashe masu kuɗi suka saye abin da kamfanoni za su iya haɗawa tun kafin a haɗa, wasunsu suka tanadi ninkin yawan mutanensu. Mu nan sai 2 ga Maris 2021 jirgin farko ya sauka Abuja da allura kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca, ƙirar Indiya, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Bayan 'yan makonni Indiya ta rufe fitar da ita saboda cutar ta turnuƙe su a gida, muka zauna jira. Baba ɗan kasuwa ne. Ya san bambancin yadin da dila yake neman kai da shi da wanda yake ɓoye wa iyalinsa a ƙarƙashin kanta. Da guba ce aka haɗa don a rage mu, da mu aka fara aiko wa, har da roƙo.

In ana neman wulaƙancin da aka yi mana a wannan annoba, akwai shi, sai dai ba inda majalisa ke nuna yatsa ba. Ragowa aka riƙa turo mana, wata saura 'yan makonni wa'adinta ya cika. A Disamban 2021 hukumomi suka lalata sama da allura miliyan ɗaya a Abuja a gaban 'yan jarida don ta lalace kafin a kai ga yin amfani da ita. Abin haushi ne, amma ki lura, murƙushe ta aka yi aka binne, ba a jikin mutane aka zuba ta ba.

Maganarsa ta kyauta ita ce mafi ƙarfi cikin hujjojinsa, kuma ni ban taɓa jin wani jami'i ya amsa ta da gaskiya ba, kullum sai a ce gwamnati ta damu da lafiyar al'umma. Wa zai yarda? Mutumin da ke sayen maganin suga da na hawan jini duk wata da guminsa, wanda in ya kai mara lafiya asibiti sai ya sayo safar hannu da sirinji, ba za ka ce masa ƙauna ce ta motsa ba. Amsar gaskiya ita ce ba don ƙaunarmu ba ne, don kansu ne. Ciwon sugan Baba ba ya hawa jirgi ya sauka Landan. Korona tana hawa. Kin ga abin da ya faru da aka gano nau'in Omikron a kudancin Afirka a Nuwamban 2021: cikin 'yan kwanaki ƙasashe suka fara rufe ƙofa, a Disamba Ingila ta sa Najeriya cikin jerin waɗanda ta hana shiga, Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu. Masu ba da kuɗin allurar gemun maƙwabci suka ga ya kama wuta, suke shafa wa nasu ruwa. Wani kason kuma gwamnatinmu ce ta saya ta hannun Tarayyar Afirka, wato dukiyar ƙasa ce, har da haƙƙin Baba a ciki. Haushinsa na farasitamol halas ne. Sai dai in ya ƙi allurar, ba minista ne zai kwana yana tari ba.

Batun sauri kuwa, ginin ba daga tushe aka faro shi a 2020 ba. Korona dangi gare ta. Wata 'yar uwarta ta ɓulla a Sin a 2002, wata kuma, wadda ake ɗauka daga raƙuma, a Saudiyya aka fara gano ta a 2012. Masanan jami'ar Oxford da suka haɗa ta AstraZeneca sun riga sun yi shekaru suna aikin rigakafin wannan ta raƙuman da dabara iri ɗaya, sai suka sauya mata abin hari. Kuɗi kuma ya zubo kamar ruwan Agusta, matakan da aka saba yi ɗaya bayan ɗaya aka yi su kafaɗa da kafaɗa. Kafin a amince da manyan alluran nan, kowacce an gwada ta a kan dubun dubatar mutanen da suka sa hannu da yardarsu. Zuwa Afrilun 2022 kuma an yi allurar korona sama da sau biliyan 11 a duniya. Ko Baba ya so a yi gwaji da jikinsa, ya makara.

Shi kuwa mai cewa shekara biyu, ki lura da wayon zancen: an ajiye ranar mutuwar can gaba inda ba mai iya ƙaryata shi yau. Shugaba Buhari ya miƙa hannunsa a gaban kyamara ranar 6 ga Maris 2021 yana da shekara 78. Sarki Salman, mai hidimar Masallatai biyun da Baba ke son zuwa, an yi masa tasa a Janairun 2021. Na san amsar majalisa, za su ce ruwa aka tsira musu. To likitoci da malaman jinya da aka fara da su fa, su ma ruwa ne? Irin wannan zance mai wa'adi mun taɓa jin sa. A 2003 aka ce ɗigon shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa. Ba 'yan tasha suka faɗa ba, manya ne, cikinsu har da likita, Dokta Datti Ahmad, shugaban majalisar ƙoli ta shari'ar Musulunci. Kano ta dakatar da rigakafin, wasu jihohi ma suka taɓa. Sai a Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da shi, bayan an samo na Indonesiya, ƙasar Musulmi, kuma daga baya gwamnan ya miƙa 'yarsa ta cikinsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Amma kafin nan an yi asara. Yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, cutar kuma ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan, har Yemen, har ita kanta Indonesiyar. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 yanzu aure ake yi musu, suna muke zuwa kullum, macen Arewa maso Yamma kuma haihuwarta a ƙiyasin 2018 ta haura shida. Waɗanda ba a ɗiga wa ba, wasunsu suna nan a bakin danja a kan keken guragu. Sai Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar. Baba ya ga wannan duka kamar yadda ya ga na 1996. Ba daidai ba ne a riƙe ɗaya a saki ɗaya.

Yanzu ke ma ki gyara naki zancen, don ina zargin bidiyoyin da kike turawa irin masu cewa allurar ba ta da wata illa ne. Tana da ita. Yawancin mutane hannu zai yi tsami, wasu zazzaɓi da ciwon kai da kasala kwana ɗaya ko biyu. Ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson an tabbatar suna haddasa wata irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, an fi ganin ta ga masu ƙananan shekaru, har wasu ƙasashen Turai suka dakatar da AstraZeneca na ɗan lokaci a Maris 2021 don su bincika. Ta Pfizer da Moderna kuma akwai kumburin tsokar zuciya da ake samu jefi-jefi, yawanci ga samari, kuma akasari yana warkewa. Sannan allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, balle da zuwan Omikron. Abin da take yi da kyau shi ne ta hana cutar kai mutum gadon asibiti ko kabari. A gaya wa Baba wannan yadda yake. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana ciniki, da ya ji an ce haja ba ta da aibi ko ɗaya, ya san dillali ne ke magana.

Kuma ai shi ne ainihin wanda aka yi allurar dominsa, ba ke ba. Na san ana cewa korona ta 'yan Abuja ce, tunda wanda aka fi ji ta ɗauka shi ne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a Afrilun 2020, alƙaluman hukuma kuma ba su wuce mutuwar mutum 3,000 da 'yan kai ba a duk ƙasar. Amma ki tambayi Baba jana'iza nawa ya halarta a watan Afrilun nan, cikin kulle, lokacin da masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. A Yunin shekarar ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. Yawancinsu dattawa ne, da dama masu fama da irin lalurorin Baba. Ki haɗa wannan da inda zai je. Mutum miliyan ɗaya za su taru a Hajjin 2022 daga kowace kusurwa ta duniya, ya kwana tanti ɗaya da mutane da yawa a Mina, ya shiga turmutsutsun ɗawafi da na jifa, cikin zafin Yuli, da suga da hawan jini. Ko a shekarun lafiya, wane alhaji ne ke dawowa ba tari?

Shi ya sa katin Yayanki ya fi ban tsoro fiye da ƙin da Baba ya yi. Ƙin Baba zai bar shi a gida. Katin zai kai shi tsakiyar taron ba garkuwa, kowa kuma yana zaton yana da ita, har likitan tawagar da zai duba shi in ya kwanta. Ko da an shigar da sunan a kwamfuta ba a gane ba, huhun Baba bai san da wannan daidaitawar ba. In kuma an gane, a sansanin alhazai ko a Jidda, ba Yaya za a tsayar a gefe ba, dattijo ne mai harami a jiki wanda bai ma san abin da aka yi da sunansa ba. Ku tuna kuma gona ce aka sayar. A Hajjin 2022 kujeru 43,008 kacal aka ba Najeriya, ƙasa da rabin abin da aka saba, ga masu jira tun 2020 jibge. Wanda aka cire saboda takardar bogi ba lallashinsa za a tsaya yi ba.

Bar ma batun kamu. Mutumin nan ya ƙi allura ne don yana tsoron a yi masa abu ba a gaya masa gaskiya ba. Shi ne 'ya'yansa za su haɗa kuɗi su yi masa daidai abin da yake tsoro? Ya tsarkake dukiyarsa, ya sayar da gona, ya jira shekara biyu, sannan ku ɗora tafiyar a kan cin hanci da shaidar zur, ku kai shi ɗakin Allah a haka bai sani ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ki sami Yaya ku biyu, ba a gaban matarsa ba, ba a zauren WhatsApp na gida ba. Ki ce masa kin san tausayin Baba ne ya sa shi, amma ke hannunki ba ya ciki, kuma in har za a yi, sai an fara gaya wa Baba ainihin abin da za a yi. Ina kyautata zaton nan maganar za ta mutu, don Yaya ya san irin amsar da zai samu.

Sauran aiki shi ne wa zai yi wa Baba magana, kuma ba ke ba ce. Ko gaskiya ce tsantsa a bakinki, in ya karɓa yanzu ya zama 'yarsa ta kayar da shi, bayan ta kira shi jahili. Ki daina tura bidiyo. Kowane dattijo yana da mutum ɗaya ko biyu da in suka ce "Alhaji, bari mana" yake bari: amininsa na ƙuruciya, yayarsa, limamin unguwa, ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Mama ta san ko wane ne, ita za ki tambaya. In an sami wanda shi ma maniyyaci ne sa'ansa kuma ya riga ya yi allurar, ya fi, don gani ya kori ji. Sai kuma likitan da ke duba sugansa. Mutumin da ya yarda ya haɗiyi ƙwayoyin da likitan nan ke rubuta masa shekara da shekaru, ba tare da ya san me ke cikinsu ba, ya riga ya ba shi amanar ransa. A bar shi ya yi masa tambayoyinsa shi kaɗai, ƙofa a rufe.

Akwai abubuwa biyu uku da mai maganar zai iya tuna masa, cikin raha. Ba korona ce ta fara kawo sharaɗin allura a aikin Hajji ba. Tun bayan sanƙarau da ya ɓarke a Hajjin 1987 Saudiyya take neman shaidar rigakafinsa, alhazanmu kuma ana yi musu ta shawara, ana ɗiga musu na shan inna komai furfurarsu. Duk alhazan da ke majalisar Baba da katin nan mai ruwan ɗorawa suka tafi, har shi mai labarin shekara biyun in ya taɓa zuwa. Ko an sayi katin korona, waɗannan suna jiransa a wurin bita. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya duba damtsensa. Sa'o'insa kusan duka suna da lamba. Iyayensu ne suka jera su a ƙofar gidan mai unguwa aka yi musu, kuma agana da ta riƙa makantar da mutane tana ɓata fuskoki, yau jikokinsa ko sunanta ba su sani ba, tun 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya.

In ya kawo maganar ƙaddara, wannan fagen malamai ne, a bar musu. Sun san labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can, ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ne wannan? Ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Batun azumi ma an riga an yi bayani, babban muftin Saudiyya ya ce tun 2021 allurar korona ba ta karya azumi tunda ba ci ba ce ba sha ba. Amma mai ciwon suga gara ya ji ta bakin likitansa a kan ranar da ta dace, don in zazzaɓi ya biyo baya yana iya motsa sugan.

Ku kuma ba shi zaɓi, don mutum ya fi karɓar abin da ya zaɓa da kansa. In sunan Pfizer ne ya tsaya masa a maƙogwaro, ba ita kaɗai ba ce. A wannan shekara ta 2022 akwai Moderna, akwai AstraZeneca, akwai Johnson & Johnson wadda sau ɗaya ake fara yin ta, kuma duka Saudiyya ta amince da su. A je hukumar jin daɗin alhazai a ji ainihin abin da suke nema, a je cibiyar rigakafi a ga wadda ke akwai. Kada a yi nawa, don masu zuwa biyu akwai makonni tsakanin ta farko da ta biyu, Arfa kuma farkon Yuli za ta kama, jirage sun riga ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da ya amince, kada kowa ya yi guɗa, kada a ce "ai dama mun faɗa". Namiji ya raka shi, Yaya ya fi dacewa, ya sami ladan da ya so samu ta bayan gida. Ya sha magungunansa kamar kullum, ya gaya wa ma'aikatan lalurorinsa da duk wani magani ko allura da ta taɓa tayar masa da borin jini. Ya nemi a nuna masa kwalbar ya ga suna da ranar lalacewa, haƙƙinsa ne, kuma zai kwantar masa da rai. Ya zauna a wurin kamar rabin awa kafin ya tafi. In zazzaɓi ya zo, farasitamol ya isa, a riƙa auna suga. In kuwa cikin makonnin da suka biyo baya ya sami ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji ko na ciki mai naci, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba.

Yana iya jin duk wannan ya ce a'a. Jikinsa ne, da hankalinsa, kuma ba a yi wa baligi allura da dabara. In haka ta faru, a gaya masa a fili cewa bana ba tafiya, shi da malaminsa su tattauna matsayin wanda hanya ta buɗe masa da sharaɗi ya ƙi sharaɗin. Ku kuma ku je hukumar da rasit ɗinsa ku ji yadda za a ajiye kuɗin ko a mayar masa, a rubuce, kada a bar shi a baki. Yana da shekara uku kafin ya kai iyakar da aka sa bana.

Ki fara da kunun dai. Ki gaishe min da Mama, ki ce mata aikin nan rabinsa nata ne.

Gwaggonki